Salansar Na-Sani

Sunansa na gaskiya ya daɗe da ɓata a layin nan. Na-Sani kowa ke ce masa, domin ba a taɓa fara gaya masa magana an kai ƙarshenta ba. Ka ce masa, "Ka ji an ce..." sai ya ɗaga maka hannu: "Na sani." Ko likita ne ya buɗe baki zai faɗa masa abin da ke damunsa, shi zai riga shi, har ya ƙara masa da sunan magani.

Mai hoto ne. Shagonsa na bakin titi, da kujera mai hannu wadda rabin mutanen unguwa suka taɓa zama a kai suna ƙame wuya. Amma tun da waya ta shiga hannun kowa, sai kasuwa ta juya masa baya. Yakan yini bai ga kowa ba sai masu tambayar hanya. Gidan kuwa kajin matarsa ne ke riƙe da shi, kaji sittin masu ƙwai a keji bayan ɗaki, shi ya sa ake kiranta Mai Ƙwai. Abin da ya rage wa Na-Sani na tinƙaho shi ne motarsa, wata tsohuwa shuɗiya, wadda yake wankewa kowace safiya yana yi wa masu wucewa bayanin irin ƙarfen da aka ƙera ta da shi.

Ranar Litinin sai ga yayan matarsa, wanda ke aiki a wani babban otal, ya zo da albishir.

"Otal ɗinmu na neman mai mota da zai riƙa ɗauko baƙi daga filin jirgi," in ji Yaya. "Aiki ne na dindindin. Na sa baki an ce ka zo ranar Asabar ƙarfe goma. Manaja da kanta za ta shiga motar ku zaga. Sharaɗinta ɗaya ne..."

"Na sani."

"Me ka sani?"

"Tsafta."

"Shiru," in ji Yaya. "Baƙo ya sauko a gajiye, ba ya son hayaniya. Motarka kuwa tun daga kwana ake jin tarinta. Salansarka ta huje."

"Ba hujewa ta yi ba, Yaya. Numfashi take."

"To ta je asibiti. Ka kai ta wurin bakanike, wadda ya ce ka saya ita za ka saya. Sunana na jingina a kan maganar nan, kada ka zubar mini da shi."

Mai Ƙwai ta raka yayanta ƙofa, ta dawo ta tsaya a kan mijinta. "Baban yara, don Allah wannan karon ka bari a gama gaya maka magana."

"Ke dai tanadi kayan da za ki sa ranar da zan karɓi albashin farko," in ji shi. "Ni da nake jin ciwon mota tun kafin ita ta ji?"

Washegari ya kai motar gareji. Bakaniken dattijo ne marar yawan magana. Ya shiga rami, ya ɗan taɓa salansar da sifana, sai ga tsatsa na zubo masa a ka kamar gari. Ya fito ya karkaɗe hula, ya shiga ɗaki ya jawo salansa biyu ya ajiye a ƙasa.

"Ga su nan, maigida. Wannan mai nauyin gangariya ce. Cikinta ɗaki-ɗaki ne, ƙara na shiga ta gaji kafin ta fito. Za ta yi maka shekaru, amma da ɗan tsada. Wannan kuma kashi ɗaya cikin uku na kuɗin waccan ce. Na ajiye ta ne don masu son sayar da mota gobe."

Na-Sani ya tsuguna, ya zaro makullin mota, ya rufe ido ɗaya kamar mai duba hoto. Ya ƙwanƙwasa mai nauyin. Ta ce dum. Ya yamutsa fuska. Ya ƙwanƙwasa mai arahar. Ta ce tangaran, har da amsa-kuwwa.

"Ka ji?" in ji shi. "Ƙarfen kirki magana yake yi. Waccan bebiya ce."

"Ai bebiya muke nema."

"Ba ka gane ba. Ƙarfe in ya yi zaƙin murya, ya dahu a maƙera ke nan."

"Gwangwanin madara ma yana da zaƙin murya," in ji bakanike. "Maigida, araha ba ta ado."

"Wanda bai iya ciniki ba ne ya ƙirƙiro wannan karin maganar. Ɗaura mini ita."

Bakanike ya ɗaura. Da ya zo wajen robobin da ke riƙe salansa a ƙarƙashin mota, ya ce sun mutu, a sa sababbi. Na-Sani ya ja ɗaya ya saki, ya ce waɗannan robobi sun girmi bakaniken a aikin mota, a bar su. Dattijo ya goge hannu da tsumma, ya bar su.

Gaskiya a hanyar gida motar ta yi ladabi. Na-Sani ya sauke gilashi, ya fito da gwiwar hannu. Da ya shigo layinsu ya rage gudu daidai shagon Mai Aski, inda mazan layin ke zama a benci suna warware matsalolin duniya.

"Kun ji wani abu?" ya tambaye su.

"Ba mu ji ba."

"To shi na sayo. Kuma a kashi ɗaya cikin ukun abin da wawa zai biya."

Ya taka totur don ya bar su da mamaki. Sai dai ya manta da tudun nan da aka yi a tsakiyar layi don masu gudu. Mota ta yi tsalle, ta dira. Aka ji ƙwas, sannan ƙararrrr, wani abu na jan ƙasa yana feshin wuta. Na-Sani ya taka birki. Maimakon ya fito ya duba, sai ya sa ribas don ya gani ta gaba. Tayar baya ta hau abin, ta sauka. Ta gaba ma ta hau, ta sauka.

Mai Aski ya fito da almakashi a hannu, ya ɗaga abin da ya rage da yatsa biyu. Ta baje ta yi fayau.

"Na-Sani, wannan faranti ne ko murfin tukunya?"

"Gwada ta nake yi," in ji Na-Sani, yana karɓewa. "Ni ba na yarda da kaya sai na gwada. Ta faɗi jarrabawa."

"Ta faɗi kam. Duk mun ga faɗuwar."

Komawa wurin bakanike yanzu ai cin fuska ne. Don haka ranar Laraba ya zarce kasuwar kayan gyaran mota, inda injin niƙa ƙarfe ke kuka, janareto na ruri, masu walda na ta ƙyasta wuta, ba ka jin na kusa da kai sai ya yi ihu. A wani shago ya hango wata salansa a rataye, tana ƙyalli kamar madubi, bakinta ya isa mutum ya zura dunƙulen hannu.

Mai shagon ya lura da inda idonsa ya tsaya. "Ranka ya daɗe, daga yadda ka riƙe makulli na san injiniya ne ya shigo."

"Kana da ido," in ji Na-Sani. "Sauko da waccan."

"Wannan ba ta tsatsa, ba ta fashewa. Kuɗinta ya ninka na gangariyar da ka sani. Sai dai fa in gaya maka gaskiya, ita wannan ta masu tseren..."

"Na sani."

"To ka san sautinta..."

"Na sani, na ce. Dubi bakinta. Ƙaramin rami shi ke fito, shi ya sa usur ke da tsini. Babban baki kuwa iska na fita a sake, ba gardama. Kimiyya ce."

Mai shago ya dubi kuɗin da ake miƙo masa, ya dubi kimiyya, ya ga ba shi da hurumin shiga tsakaninsu. Na-Sani ya kira mai walda ya tsaya a kansa. "Liƙe ta ko'ina. Ba roba, ba noti. Ina son ko tudu ya ga motar nan ya kauce." Aka liƙe ta tam. Da ya tayar da mota a cikin wannan hargowa ta kasuwa, sai ya ji wani gurnani mai daɗi can ƙasa-ƙasa, ya gyaɗa kai. A babban titi ya lura mutane na waiwayowa, masu babur na darewa gefe. Ya ce a ransa, kaya mai kyau ba ya ɓuya.

Layinsu matsattse ne, gini hagu gini dama. Yana karyo kwana ya ba ta wuta.

Abin da ya fito daga bayan motar nan ba za a kira shi ƙara ba. Tagogi suka hau rawa. Motoci uku da ke ajiye suka fashe da kukan ɓarawo a lokaci guda. Mai Aski na tsakiyar gyara wa wani saje, hannunsa ya zarce ya buɗe masa titi har ƙeya. Tantabarun kan rufi suka tashi, ba a sake ganinsu ba sai bayan kwana biyu. A bayan gidan Na-Sani kuwa kaji sittin suka haɗu a kusurwa ɗaya suka hau kan juna.

Ya kashe mota a ƙofar gida, ya fito yana murmushi, kunnensa na shiii. Maijego, maƙwabciyarsu ta jikin katanga, ta riga ta fito da jariri a kafaɗa yana tsala ihu.

"Baban yara, tun safe nake fama da yaron nan, yanzun nan ya rufe ido! Jirgi ka sayo?"

"Sabuwa ce, ba ta saba ba. Za ta lafa."

"Kafin ta lafa mu mun lafa!"

Sai ga Baba Tsoho, wanda ya yi ritaya daga aikin gidan waya, ya fito da sanda yana sauri. Shekara tara ke nan kunnensa ya toshe, sai an rubuta masa magana a takarda. Ya kama hannun Na-Sani da hannu biyu, idonsa ya ciko da ƙwalla.

"Ɗana, na ji! Wallahi na ji! Sake yi!"

"Kun gani?" Na-Sani ya juya ga jama'a. "Har magani take yi."

"Ka sake yi," in ji Mai Aski, yana nuna shi da reza, "in yi maka askin da ba ka biya ba. Ganga in ta cika zaƙi fashewa za ta yi, Na-Sani."

Safiyar Alhamis ya ce dole a ɗumama inji, ƙa'ida ce. Ya ɗumama na minti goma, layi ya ɗumama tare da shi. Yana shigowa ya tarar da Mai Ƙwai tsaye a tsakar gida da tire a hannu. Ƙwai bakwai ne a kai, suna ta gangarawa a fili.

"Ƙirga," in ji ta.

"Zafi ne ya..."

"Kaji sittin, ƙwai bakwai. Ɗaya ma ba ɓawo, a tsorace aka haife shi. Masu shaguna na jirana, me zan ce musu? Kajina na jinyar salansa?"

"Ki ba su lokaci. Kaza dabba ce mai sabo."

"Ni ce dabba mai sabo, da na saba da kai. Ka koma wurin bakanike."

"In koma in ce masa me?"

"Ka ce masa 'ban sani ba'. Kalma uku ce, ba ta kisa."

Kafin ya amsa waya ta yi ƙara. Yaya ne.

"Yaya, ko ka ji labarin sabuwar salansata?"

"Ba labari na ji ba, ita na ji. Ina tsaye a tashar bas ka wuce jiya ta babban titi, na ɓuya bayan allon talla kada a ce na san ka. Saura kwana biyu. In ka kawo wannan aradun otal, ni da kai duk mun tashi aiki, kai da ba ka fara ba."

Nan fa Na-Sani ya shiga tunani. Salansa an liƙe ta, cire ta sai an yanka. Yanka ta kuma amsa laifi ne a gaban duk layi. Ya zauna a shago yini guda yana kallon kujerar da ba kowa. Can wajen la'asar ya buga cinya. Me ke hana ƙara fita daga ɗaki? Labule da katifa. To me zai hana a yi wa salansa katifa?

Ranar Juma'a da hantsi ya shimfiɗa tabarma a bayan mota, ya jera kayan aiki: soson ƙarfe na wanke tukunya guda goma sha biyu, har da biyun da ya zare daga kicin ɗin matarsa, baƙin ƙyallen da yake rufe taga da shi in zai wanke hoto, tsofaffin safa ƙafa uku, sandar tsintsiya, waya, da gwangwanin da ya huda da ƙusa. Mazan benci suka taso suka kewaye shi. Ya tura soso, ya danna da sanda. Ya tura safa, ya danna. Ya yayyaga ƙyalle ya cusa, ya sake bin sa da soso, yana dannawa har gumi na ɗiga daga haɓarsa. Daga ƙarshe ya kifa gwangwani a bakin, ya naɗe da waya, ya murɗe da fulaya.

"Ku matsa kusa," in ji shi. "Ku kasa kunne."

Kowa ya ja da baya ya toshe kunne. Ya murɗa makulli. Mota ta girgiza, ta yi wani ɗan fuuu kamar kyanwa na barci. Shi ke nan.

Mai Aski ya sauke hannu daga kunne a hankali. Maijego ta leƙo ta taga, ta ga mota na rawa ba ƙara, ta riƙe baki. Baba Tsoho kaɗai ya ɓata rai, ya buga sanda a ƙasa ya ce ciwonsa ya dawo.

"Kamfanonin duniya sun shekara ɗari suna neman wannan," in ji Na-Sani, yana jingine da ƙofa. "Ni da soson tukunya na gama. Bayan otal, sai in buɗe masana'anta."

Ana cikin haka sai ga bakanike ya zo aski. Ya tsaya, ya zagaya bayan mota, ya sunkuya ya dubi gwangwanin ya daɗe.

"Maigida, hayaƙin ta ina zai fita?"

"A ciki zai narke."

"Ya narke ya zama me?"

"Wannan sirrin sana'a ne."

"Mutum ma in ya ci ya sha aka toshe..."

"Na sani."

Bakanike ya miƙe ya dubi jama'a. "Ni dai abu ɗaya zan ce. Duk mai son iyalinsa kada ya tsaya bayan motar nan." Ya shige shagon aski.

"Hassada," in ji Na-Sani. "Gobe duk mai son ganin yadda ake karɓar aiki ya shirya, kujera kyauta."

Asabar ya saka kwat ɗinsa na ɗaukar hoton manya. Mai Aski ya rufe shago ya shiga baya, ya ce wannan kallo ya fi ciniki. Mai Ƙwai ta shiga gaba, ta ce in kunya za a ji gara ta gani da idonta, kada a ƙara mata gishiri a labari. Mota ta kama hanya shiru, sai dai tafiyar kamar ta mai ciwon baya. Mai keke ya wuce su. Wata mata mai tura amalanke ta yi kusan wuce su.

"Me ya sa ba ta gudu?" in ji Mai Ƙwai.

"Natsuwa ce. Motar manya ba ta rawar kai."

Sun isa goma saura kaɗan. Harabar otal fes, ga furanni, ga maɓuɓɓugar ruwa a tsakiya, ga masu gadi biyu a ƙofa. Yaya na tsaye a kan matakala yana share gumi. Da ya ga mota ta sulalo ta tsaya a gabansa ba ko tari, sai ya saki ajiyar zuciya, har ya dafa kafaɗar surukinsa.

Manaja ta fito, doguwar mace cikin fararen kaya tun daga sama har takalmi, da takarda a hannu. Ta zagaya motar, ta kasa kunne.

"A kunne take?"

"A kunne, ranki ya daɗe. Fasaha ce tawa ta kaina. Ko ƙasashen da suka ƙera motar ba su kai nan ba."

"Madalla. Mu je mu gani."

Mai Ƙwai da Mai Aski suka sauka suka tsaya gefe. Manaja ta zauna a baya. Na-Sani ya ja mota suka zaga maɓuɓɓuga lafiya lau, suka nufi ƙofar fita, inda hanya ta ɗan yi hawa. Nan mota ta fara tunani. Ya taka totur, ta yi kamar ba da ita ake ba. Wani siririn hayaƙi ya fara tasowa ta ƙarƙashin kujera.

Manaja ta shinshina. "Me ke ƙauri haka kamar safa?"

"Turaren mota ne, ranki ya daɗe. Sabon yayi."

Ta yi tari, ta sauke gilashi. Mota ta yi shaƙuwa sau biyu, ta mutu, daidai tsakiyar ƙofa. Ya murɗa makulli, ta ce kirrr ta yi shiru. Ya sake, ya sake, har batir ya fara jan ƙafa. A waje kuwa wata doguwar bas cike da baƙi ta iso tana son shiga, direbanta ya kwanta a kan ham.

Na-Sani ya leƙo. "Ɗan turi kaɗan take so! Gaisuwa ce irin tata!"

Yaya ya rugo, fuskarsa kamar zai yi kuka. Ya ƙwala wa masu dafa abinci biyu kira, suka fito da fararen riguna da dogayen huluna, su da shi suka dafa but, wato bayan motar. Mai Aski ya tuna maganar bakanike, amma ya ga manyan mutane sun dafa but, ya ji kunyar tsayawa, ya dafa shi ma. Manaja ta fito tana fifita da takarda, ta koma bayansu ta tsaya tana ba da umarni, daidai saitin gwangwani. Mai Ƙwai kaɗai ta ja da baya, ta ƙara ja, har ta kai bayan wata tukunyar fure.

"Ɗaya, biyu, ku tura!"

Suka tura. Mota ta gangara. Na-Sani ya sa giya ta biyu, ya saki kuloci, ya danne totur har ƙasa da dukkan ƙarfinsa. Inji ya kama. Na ɗan lokaci ba a ji komai ba, sai wani kumburi, mota na karkarwa kamar mai riƙe atishawa a gaban manya.

Sannan ta saki.

Ƙarar ta kai unguwa uku. Gwangwani ya fita kamar harsashi, ya wuce ta saman hular mai dafa abinci, ya doki allon sunan otal ya kashe harafi biyu. Soson ƙarfe goma sha biyu suka biyo baya jajir, suna tsalle a kan kwalta. Bayansu baƙin gajimare ya taso, toka da tsumma da abin da ya rage na safa. Masu gadi suka yi nutso cikin furanni. Baƙin cikin bas suka kwanta a ƙasan kujeru, direban ya fita ta taga. Duk motocin da ke harabar suka ɗauki kuka. Motar Na-Sani kuwa, da ta ji maƙogwaronta ya buɗe, ta zabura da tsohon rurinta, ta haye kan ciyawa, ta tsaya da hanci cikin shingen furanni.

Ya leƙo ta taga, baki har kunne. "Ta tashi! Ban gaya muku ba? Ta tashi!"

Sai hayaƙi ya washe.

Mutum biyar ne tsaye a inda ya bar su, huɗu hannuwansu har yanzu a miƙe suna tura iska. Ba ka bambance mai dafa abinci da mai aski sai ta hula. Manaja na tsakiya. Fararen kayan nan sun koma kalar gindin tukunya, ba abin da ke fari a jikinta sai ido. Wani guntun safa ya sauko a hankali daga sama, ya sauka a kafaɗarta.

Yaya ya tako, ya zura hannu ta taga, ya kashe motar, ya zare makulli. Shiru ya dawo, sai kukan motoci da tarin mutane.

Manaja ta ɗauke safar da yatsa biyu, ta dube ta, ta dubi Yaya. "Ɗan'uwanka ne?"

"Mijin ƙanwata ne, ranki ya daɗe," in ji Yaya da sauri. "Ba jini ɗaya muke ba."

Na-Sani ya fito yana gyara kwat. "Ranki ya daɗe, abin da kika gani gwaji ne na ƙarshe. Yanzu bututu ya wanke tas. Ran yaushe zan fara?"

Ta dube shi. Da ta buɗe baki, wani ɗan hayaƙi ya fito tare da maganar.

"Motar nan ba za ta sake tashi a harabar nan ba. Ba za ta tashi a titin nan ba. In na ji muryarta ko daga nesa ne, shi," ta nuna Yaya, "zai bi ta. Ku fitar mini da ita kamar yadda ake fitar da gawa."

Yaya ya miƙa wa ƙanwarsa makulli, ya bi manaja yana ba da haƙuri, yana karkaɗe mata kafaɗa yana ƙara ɓata wurin. Masu dafa abinci suka taimaka aka jawo mota daga shinge aka kai ta bakin titi, suka juya ba sallama. Mai Aski ya ce shi ya yi turin da zai yi na bana, ya tari bas, yana sauri ya riga su isa benci da labari.

Saura mutum biyu da mota, da rana tsaka.

Mai Ƙwai ta jefa makulli cikin jaka, ta zuge. Ta buɗe ƙofar direba ta zauna, ta gyara madubi, ta kama sitiyari da hannu biyu.

"Ke ba ki iya mota ba," in ji Na-Sani.

"Juya wannan abin hagu da dama? Zan koya a hanya. Kai koma baya."

Ya duba hagu, ya duba dama, ba mai ceto. Ya tuɓe kwat ya jefa a kujera, ya dafa but.

Haka suka ratso gari. Suka wuce tashar bas, mutane na nuna su. Suka wuce gareji, bakanike ya ɗago daga ƙarƙashin wata mota, ya cire hula ya riƙe a ƙirji har suka wuce. Na-Sani na turi yana haki, amma bakin bai mutu ba. Yana gaya wa bayan motar cewa laifin safa ne, da auduga zalla ya samu da yanzu wani labari ake yi. Yana cewa manajar ba ta san fasaha ba. Yana cewa otal ɗin ma bai kai matsayinsa ba.

Da suka karyo kwanar layinsu, benci ya cika maƙil, har da waɗanda ba su taɓa zama ba. Mai Aski na tsaye a tsakiya, bai ko wanke fuska ba don kada hujja ta ɓace. Mota ta sulalo a gabansu, ba ka jin komai sai tayoyi na taka yashi. Na-Sani ya ɗago kai, gumi na zuba, ya tattaro sauran numfashinsa.

"Kun dai ji da kunnenku," in ji shi. "Ko ƙwaƙƙwaran motsi babu. Kuma ko ɗigon mai ba ta sha. Wa ya taɓa kai mota wannan matsayi a layin nan?"

Mai Ƙwai ta leƙo ta taga, gwiwar hannu a waje.

"Salansa kam ta yi shiru," in ji ta. "Injin ne ke da surutu. Ƙara wuta, baban yara, ga tudu nan gaba."